Ƙarin Ilmin Alƙalai a Kan Shari'ar Aure: Tarihinsa Daga Bakin Iyakar Jibiya

Farfaru tana cikin ƙasar Jibiya, yamma maso arewa da birnin Katsina, a yankin da hanyar mota ta ke ƙetare iyaka ta shiga Jamhuriyar Nijar, ta bi ta Ɗan Isa zuwa Maraɗi. Iyakar nan ƙarama ce a shekaru in an gwada ta da zumuncin mutanen da ta raba. Ingila da Faransa suka shata ta a takarda a 1898, suka yi mata gyara a 1904 da 1906, sa'an nan Kyaftin Tilho da Manjo O'Shee suka bi ƙasa suna kafa alamu daga 1906 zuwa 1908. Sarakunan Maraɗi kuwa Katsinawa ne, zuriyar Haɓen da suka bar birni bayan da masu jihadi suka ci shi a 1807, har yau ma sarautar Katsina su ke amsawa. Saboda haka aure bai taɓa tsayawa a bakin shinge ba. A kan ɗauko amarya daga can, a kan kai wata daga nan, in kuwa zama ya ƙi daɗi sai magana ta faɗa hannun mai shari'a na wannan gefe ko na wancan.

Wanda ya leƙa kotun alƙalin ƙauye ya san abin da ya fi cika ta: neman saki, da rashin ci da sha, da rigimar riƙon 'ya'ya, da rabon gado. Abin da wannan takarda ta ke so ta nuna shi ne, duk sa'ad da hukuma ta tashi ƙara wa alƙalai ilmi bayan naɗinsu, ba wannan fanni ta kan dosa ba. Ta kan dosi abin da ya dame ta a lokacin, watau laifuffuka da tsarin zaman kotu, ta bar aure da saki a kan zaton cewa kowane malami ya riga ya san su.

Kafin zuwan Turawa babu wata rana da za a ce alƙali ya gama karatu. Katsina tsohuwar matattarar fiƙihu ce. Shehu Magili ya sauka cikinta a ƙarshen ƙarni na 15, Aida Ahmad na Tazakht, wanda a ke kira Ɗan Takum, ya yi alƙalancinta har ya rasu wajen 1529, bayansu kuma ga su Ɗan Masani da Ɗan Marina a ƙarni na 17. Ɗalibi ya kan fara da Ahalari da Ishmawi da Iziyya, ya hau Risala ta Ibn Abi Zaid mutumin Ƙairawan, ya wuce Askari, sa'an nan ya shiga Muhtasar na Shehu Halilu. Mai niyyar zama a buzun shari'a ya kan ƙara da Tuhfatul Hukkami ta Ibn Asim na Garnaɗa, wadda aka tsara ta a waƙe don masu hukunci. Ba a sauke Muhtasar sau ɗaya a ce an gama. Dattijo mai furfura ya kan sake ɗaukarsa gaban wani malami da aka ce ya fi sanin babin gado ko babin idda, ba kuwa wanda zai ga gazawarsa. Karatun zaure ba shi da takardar shaida, amma kuma ba shi da ranar rufewa, wannan kuwa shi ne ƙarin ilmin wancan zamani. Shugabannin jihadi sun ƙarfafa shi da rubutu, kamar Liya'ul Hukkami da Malam Abdullahi ɗan Fodiyo ya rubuta a Kano don amfanin masu riƙe da al'amuran jama'a.

Hanya ta biyu ita ce zaman muhuti. Kalmar daga Larabci ta ke, asalinta mai ba da fatawa, amma a bakin Hausawa ta sauko ta zama sunan mataimakin alƙali, mai rubuta masa, mai buɗe masa littafi, mai zuwa ƙauye ya ƙidaya dukiyar mamaci. Wannan saukowa ta ma'ana tarihi ce da kanta, gama tana nuna cewa a ƙasar Hausa an haɗa masanin nassi da mai koyon aiki a mutum ɗaya. Muhuti ya kan shekara goma ko fiye yana sauraron yadda a ke tambayar mace abin da ya fitar da ita daga ɗakinta, da yadda a ke gane shaidar zur, kafin a ba shi tasa kotu. Aibin hanyar a fili ya ke: alƙalanci ya kan zauna a gida ɗaya, ɗa ya gaji uba, kuskuren uba kuma ya zama sunna ga ɗa.

Ya kamata mai nazarin harshe ya lura da kalmomin da ke yawo a zauren shari'a, don sun kasu bisa ga zamanin shigowarsu. Na aure da saki da yawansu Larabci ne da ya daɗe har ya narke: sadaki, waliyyi, idda, hul'i, li'ani, zihari. Ita kanta kalmar alƙali tsohuwar shiga ce, harafin nan na Larabci da malaman ƙasar nan su ke furtawa kamar lam ya zama l a cikinta, kamar yadda ya zama a alwala da farilla da lalura. Na tafiyar da ƙara kuwa Turanci ne: kotu, sammaci, beli, waranti, afil, joji, lauya. A ƙetaren iyaka sai a ji kumandan da jandarma. Baƙin kalmomi sun shiga inda sabon koyarwa ya shiga, inda bai shiga ba kuwa harshe ya zauna yadda ya ke tun zamanin Gobarau.

Da Turawan Ingila suka kafa mulki ba su rushe kotunan alƙalai ba. Dokokin 1900 da 1906 sun amince da su, daga baya aka jera su daraja huɗu, daga A zuwa D, aka yanka wa alƙalai albashi daga Baitulmali, wanda a Katsina aka fara gwada irinsa zamanin Razdan Palmer da Sarki Muhammadu Dikko. Aka ɗora wa Di'o duba littafin shari'a. To, da me Di'o zai auna hukuncin malamin da ya haddace Muhtasar? A 1916 aka buga masa littafin F. H. Ruxton, wanda taƙaitawa ce da Turanci daga fassarar Faransanci ta Muhtasar ɗin. Watau mai duba aiki yana riƙe da inuwar inuwa. Ba mamaki da idonsa ya fi tsayawa a kan lissafin tara da ushira da kwanakin ɗauri, abubuwan da ya ke iya ƙidayawa, ya ƙyale hukuncin saki ya wuce.

Akwai makarantar horon alƙalai, watau Makarantar Shari'a ta Kano, wadda aka buɗe a 1934 zamanin Sarki Abdullahi Bayero, da malaman da aka ɗauko daga Sudan. En'e-En'e su ke aiko da ɗalibai, Katsina na cikinsu. Ta kawo abubuwa masu amfani: Larabci na magana da rubutu, da aji, da jarrabawa, da karanta littafi a san manufarsa, ba fassara kalma-kalma kaɗai ba. A 1947 aka faɗaɗa ta ta zama Makarantar Nazarin Larabci, ta ɗauki horon malaman makaranta. Daga cikinta Malam Abubakar Gumi ya fito a shekarar nan, ya fara aiki a matsayin magatakarda a kotun alƙali a Sakkwato. Amma fa makarantar samari ce masu jiran aiki. Alƙalan da ke kan buzu a gundumomi ba su koma aji ba. Abu na biyu kuma, wanda ba a cika faɗa ba, takardar shaida ta zo da wani sabon tunani, cewa karatun shari'a yana da ƙarshe. Wanda ya karɓi takarda ya ga ya wuce durƙuso a zaure, ba a kuwa tanadar masa wani wurin komawa ba.

Sai a jajiberin mulkin kai aka fara mai da alƙalai aji. Dalilin kuwa ba aure ba ne. J. N. D. Anderson na Jami'ar London ya nuna a littafinsa na 1954 cewa ba a ƙasashe da yawa a ke zartar da shari'ar Musulunci da faɗi kamar Nijeriya ta Arewa ba, har da hukuncin kisa, kuma waɗanda ba Musulmi ba suna ta kai kuka. A 1958 Gwamnatin Sardauna ta kira kwamitin masana shari'a: Sayyid Muhammad Abu Rannat, Babban Jojin Sudan, shi ne shugaba, da Mai Shari'a Muhammad Sharif na Pakistan, da Anderson, da Shettima Kashim Wazirin Borno, da Peter Achimugu, da Malam Musa Babban Alƙalin Bida. Shawararsu ta raba aikin gida biyu. Laifuffuka suka koma ƙarƙashin kundin Final Kod na 1959 da kundin tsarin bin laifi na 1960, waɗanda suka fara aiki ran 30 ga Satumba, 1960. Aure, da saki, da riƙon yara, da gado, da wasiyya, da waƙafi aka bar su ga mazhabar Maliku, aka kafa musu Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a a shekarar nan, Shehu Awad Muhammad Ahmad na Sudan ya zama Alƙalin Alƙalai na farko, Malam Abubakar Gumi ya gaje shi a 1962.

Nan aka ga aikin ƙarin ilmi irin wanda ba a taɓa gani ba. Makarantar Koyon Mulki ta Zariya ta buɗe kwas na 'yan watanni don alƙalai da shugabannin kotuna da magatakardansu, aka fassara kundayen da Hausa, S. S. Richardson ya rubuta sharhi a kan Final Kod, malamai suka zaga larduna. An ma sassauta wa kotunan En'e, aka ce kundin ya zama musu jagora tukuna har hannu ya faɗa. Dattawan da suka girma da Tuhfa suka zauna a benci suna koyon sashe da ƙaramin sashe. Wannan abin yabo ne, ya kuma nuna cewa in hukuma ta so abu tana iya yinsa cikin shekara biyu. Sai dai duk wannan ɗawainiya ta tafi ga kashin da aka sake. Kashin da aka bari, wanda shi ne abincin alƙali na kullum, ba a tattara shi a kundi ba, ba a kuma ga dalilin kiran kowa aji dominsa ba.

Alhali kuwa nan ne littafi da al'ada su ke gogayya. A ɗauki hul'i. Littafi ya san sadaki, mafi ƙarancinsa rubu'in dinari, ya kuma yarda mace ta fanshi kanta da abin da suka daidaita. Amma Bahaushe ba sadaki kaɗai ya ke kashewa ba. Akwai toshi, da kayan na-gani-ina-so, da kuɗin gaisuwar iyaye, da lefe, dangin amarya kuma sun kawo gara da kayan ɗaki. In ta nemi fita, me za ta mayar? Wani alƙali ya tsaya ga sadaki, wani ya sa a lissafa har turmin atamfa, wani ya rage gwargwadon shekarun zama da 'ya'yan da aka haifa. Sa'an nan kafin a kai ga hul'i dole a tambaya ko akwai cuta, gama in duka ko yunwa suka tabbata, mazhaba ta ba alƙali ikon raba auren ba da ta biya ko anini ba. Macen da aka tura ga hul'i alhali haƙƙinta saki ne saboda cuta ta sayi abin da nata ne. Irin wannan kuskure ba ya kai kowa gidan yari, don haka ba ya shiga rahoton Razdan.

A ƙetaren iyaka an bi wata hanya dabam, amma an iso kusan wuri ɗaya. Dokar Faransa ta 1903 ta kafa kotunan 'yan ƙasa a Afirka ta Yamma, daga baya kumandan ya zama shi ke shugabantar zama, malami ko dattijo yana gefe yana faɗa masa al'ada. Faransawa ba su ɗauki fiƙihun Maliku a matsayin dokar ƙasa ba, sun lissafa shi cikin al'adu. Sun taɓa aure da dokar Mandel ta 1939, mai neman yardar amarya da ƙayyade shekarun aure, da dokar Jacquinot ta 1951 a kan dukiyar aure. Bayan mulkin kai, dokar tsarin kotuna ta 1962 ta bar al'amuran iyali ga al'adar masu ƙara, joji mai horon dokar Faransa ya yanke, mashawartan al'ada su ba shi ra'ayi, sarakuna kuma su yi sulhu tun magana ba ta kai kotu ba. Yunƙurin yin kundin dokar iyali ya ci tura a farkon shekarun 1990, ya sake cin tura a 2011. Littafin Barbara Cooper na 1997 a kan aure a Maraɗi ya nuna yadda mata su ke zaɓen ƙofar da za su kai kuka, ta malami ko ta sarki ko ta joji. Ga mutanen bakin iyaka sai ƙofofin suka ninka. Sammacin alƙalin Jibiya ba ya aiki a Ɗan Isa, mijin da ya ga hukunci zai juya masa baya kuwa tafiyar sa'a guda ta ishe shi.

Dokar kotunan yanki ta 1967, wadda ta fara aiki ran 1 ga Afrilu, 1968, ta ƙwace kotuna daga hannun En'e, ta soke kotunan sarakuna, ta mai da alƙali ma'aikacin gwamnatin jiha. Da wannan gadon gida ya karye, zaman muhuti na tsohon salo ya tafi tare da shi. Madadinsa shi ne difloma, daga Cibiyar Nazarin Shari'ar Musulunci ta Jami'ar Ahmadu Bello, da kwalejojin shari'a na jihohi, irin ta Aminu Kano a Kano, da wadda Jihar Katsina, da aka ƙirƙira a 1987, ta ke da ita a Daura. Bayan tsarin mulki na 1979 kuma lauyoyi, waɗanda da an hana su tsayawa gaban alƙali, suka samu ƙofa. Shari'ar Karimatu Yakubu a Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Tarayya a 1985 ta nuna abin da ke tafe: aka hukunta cewa uban da ya ba 'yarsa zaɓi ya zubar da ikonsa na tilasta mata miji. Hukunci irin wannan ya hau kan kowane alƙalin ƙauye, amma da Turanci aka rubuta shi, a mujallar da ba ta isa ƙauye.

Tsadar wannan giɓi ta bayyana bayan da Jihar Katsina ta mai da hukuncin haddi a 2000. A watan Maris na 2002 kotun shari'a ta Bakori ta yanke wa Amina Lawal hukuncin jefewa, hujja kuwa ita ce ta haihu ba ta da miji, babbar kotun Funtuwa ta tabbatar a watan Agusta. Ran 25 ga Satumba, 2003, Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a a Katsina ta soke hukuncin, alƙalai huɗu cikin biyar. Cikin dalilanta akwai kurakuran tsarin zama da na karɓar iƙirari, akwai kuma mas'alar kwantacce, watau cewa a mazhabar Maliku ciki yana iya kwanciya har shekara biyar, don haka ɗan da sakakkiya ta haifa cikin wannan tsawo a kan jingina shi ga tsohon mijinta. Wannan mas'ala ba a babin haddi ta ke ba. Tana babin idda da nasaba, kowace ungozoma ta san sunanta. Kotuna biyu sun riƙe sabon kundin laifi, suka manta da tsohon babin aure, ran mace kuwa yana rataye a tsakani har wata goma sha takwas. Makamancin wannan ya faru a Sakkwato a shari'ar Safiya Husaini, wadda aka sallama a watan Maris na 2002.

Ba za a ce yau babu wurin komawa karatu ba. Dokar soja mai lamba 28 ta 1991 ta kafa Cibiyar Horon Masu Shari'a ta Ƙasa a Abuja, wadda ta ke shirya bita ga jojoji da alƙalai. Ƙa'idojin aikin lauya na 2007 sun wajabta wa lauya ci gaba da neman ilmi a ƙarƙashin Ƙungiyar Lauyoyi ta Nijeriya. A 2017 Sarkin Kano Muhammadu Sanusi na Biyu ya ta da maganar tattara dokar iyali a kundi guda, abin da Maroko ta yi tun 1957 da 1958, Sudan kuma ta yi a 1991. Amma bitar kwana uku a babban birni, da Turanci, ba ta maye gurbin shekara goma a gefen buzu, kuma ba ta amsa tambayar da ke zuwa kotun bakin iyaka da safe.

Ga misalin irin tambayar. Tun shekarun 2010 ƙasar Jibiya ta sha fama da 'yan bindiga masu satar mutane, an bar mata da yawa ba su san ko mazansu na raye ba. Fiƙihun Maliku bai yi wa ɓataccen miji hukunci ɗaya ba. Wanda ya ɓace a ƙasar Musulmi lokacin zaman lafiya, alƙali ya bincika, in labari ya yanke matar ta jira shekara huɗu, sa'an nan ta yi takaba wata huɗu da kwana goma, dukiyarsa kuwa ba a raba ta sai ya kai shekarun da tsararsa ba su cika wucewa ba, mafi shahara saba'in. Wanda ya ɓace a faɗa tsakanin Musulmi, matarsa ta kan fara idda da rabuwar rundunoni. Kamamme a hannun abokan gaba kuwa matarsa tana nan a matsayin matarsa muddin akwai abin ciyar da ita. In babu ci da sha, duk wannan jira ya faɗi, tana da ikon neman saki bayan ɗan jinkirin da alƙali ya ga ya dace. Manomin da aka ɗauke daga gonarsa, aka nemi fansa sau ɗaya sa'an nan waya ta mutu, a wane babi za a sa shi? Kamamme ne, ko wanda ya ɓace a fitina, ko ɓatacce na zaman lafiya? In kuma an ce an gan shi a wani ƙauye na ƙasar Maraɗi, wa alƙali zai rubuta wa, da wane harshe? Amsa ɗaya tana sa mace ta yi aure bana, wata tana zaunar da ita shekara huɗu, wata kuma tana iya tsare ta har tsufa, kuma a kan amsar ne za a san ko gonar za ta shiga rabon gado ko za ta zauna a hannun wakili.